Tsoho Mai Ciwon Ƙarya

A unguwar babu mai kiranta da wani suna sai Saura-Ƙiris, kuma Gwaggonta ce ta raɗa mata shi. Duk wanda ya tambayi Gwaggo ko 'yar ɗan'uwanta ta fara aikin asibiti, sai ta taɓe baki ta ce, "Saura ƙiris." Tun ana faɗa a bayan idonta har aka koma kiranta da shi ido da ido. Ita kuwa ta riƙa amsawa, don ta san in ka nuna suna yana yi maka zafi, to ka ɗaura wa kanka shi ke nan har kabari.

Abin haushin, ba ƙarya Gwaggo take yi ba. Yarinyar ta yi karatun likita a ƙetare, a wata ƙasa mai sanyi, ta gama da sakamakon da ba a rainawa, ta dawo da takardar shaida mai tambarin zinariya. Takardar tana nan rataye a falo saman talabijin, amma da ita ko kaza ba ta da izinin yi wa allura. Dokar hukumar likitoci ce: duk wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawarsu kafin a ba shi lasisi, kuma sau uku kaɗai ake shiga. Ta shiga sau biyu ta faɗi. Wannan shi ne na ƙarshe, in ta sake faɗuwa takardar ta zama kayan ado.

Ba rubutu ke kayar da ita ba, wannan kam tana cinye shi ba ko gumi. Jarrabawar aiki ce ke yi mata ƙafar ungulu. Dogon baranda ne da ɗakuna a jere. A kowace ƙofa an manna kati mai faɗin abin da ke damun na ciki da abin da ake so ka yi. In ka shiga za ka tarar da gado, da mai jarrabawa zaune da biro, da wani mutum lafiyayye garau da aka ɗauko aka koya masa ciwon ƙarya. Ana kaɗa ƙararrawa ka shiga, ana sake kaɗawa ka fita zuwa ɗaki na gaba, ko da sauran magana a bakinka. Lokacin da ke tsakani kuwa bai isa mutum ya sha shayi mai zafi ba.

Ita ga ta da nawa, kuma ba nawar banza ba ce, koya mata aka yi. A can ta yi wata malamar tiyata, tsohuwa mai hannu kamar katako, wadda ke cewa ciwo maƙaryaci ne, inda yake kuka ba nan ne kullum gidansa ba. In ɗalibi ya duka kai tsaye inda majinyaci ya nuna, sai ta make masa bayan hannu a gaban kowa. Dole ka fara daga nesa, ka zagaye cikin duka, ka ƙare da hannu biyu a saman cibiya. Saura-Ƙiris ta sha wannan marin har abin ya shige mata jini. Shi ya sa a jarrabawar baya ƙararrawa ta riƙa tarar da ita a tsakiyar aiki.

Abbanta mai gyaran agogo ne, shagonsa yana manne da ƙofar gida. Shi ya ɗauki nauyin korar mata nawar. Kowace yamma in ya rufe shago sai ya shigo da wani tsohon agogon tebur mai mugun kuka, ya kwanta a dogon benci a tsakar gida, ya dafe ciki yana nishi.

"Wayyo likita, nan ne, nan ne!"

"Abba, jiya ma ka ce nan ne. Ka canza ciwo mana."

"Ni da cikina za ki koya min inda zai yi ciwo?"

Gwaggo tana gefe tana ninke wanki, ba a rasa ta da magana. "Oh ni! Shekara da shekaru ana karatu, majinyaci ɗaya tal a duniya, shi ma uban mutum ne, shi ma ƙarya yake."

Agogo na ɗaukar kuka sai Abba ya miƙe zumbur ya ture hannunta. "Fita! Ba ruwanki da ni kuma. Ko mutuwa kika ga ina yi, ki fita." Sai in dariya ta lafa ya kira ta gefe ya yi ƙasa da murya. "Uwata, abin da katin ya ce shi za ki yi, ba ƙari ba ragi. Ki karɓo lasisin nan tukuna. In kin karɓo, ki duba mutum daga farce har gashin kai, ba mai hana ki."

Ta ce ta ji. Kuma har ga Allah ta ji.

Ranar jarrabawa ta sa farar rigarta wadda Gwaggo, duk da bakinta, ta goge har tana sheƙi. Aka maƙala mata lamba a ƙirji, aka jera su a barandar da ke warin maganin goge ƙasa. Ɗakunan farko ta wuce su kamar ruwa. Ta yi wa wata mata mai tarin ƙarya tambayoyi, ta ɗinke wata roba da aka yanka, ta yi wa wani bayanin maganin hawan jini, duk ta gama kafin ƙararrawa. Har ta fara ji a ranta cewa yau dai Gwaggo za ta nemi sabon suna.

Sai ta iso wata ƙofa da katinta ya ce: namiji, ciwo a saman ciki ta hannun dama, duba cikinsa ka faɗi abin da kake zato. Ko ɗalibin shekarar farko ya san matsarmama ake nufi.

A kujera wani Farfesa ne, gilashinsa a kan karan hanci, bai ko ɗago ba. A gado wani tsoho ne siriri, yatsunsa sun yi rawaya da taba, idonsa cike da wasa. Ta gaishe shi, ta nemi izini, ta murza hannuwanta su yi ɗumi.

"Bismillah 'yata," in ji shi yana ɗage riga. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Gwani ne a aikinsa. Tana danna ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya ɗauke numfashi ya runtse ido, kai ka rantse da gaske ne. Shi ke nan, amsa ta samu. Abin da ya rage ta juya ta faɗa wa Farfesa, ta karɓi makinta ta tafi. Ga lokaci ma ya rage mata, abin da ba ta saba gani ba.

Wannan ragowar lokacin ce ta ja mata. Hannunta bai yi shawara da ita ba, ya zarce da kansa ya zagaye cikin, ya ƙare hannu biyu a saman cibiya. Nan ta ji wani abu yana bugawa. A siririn mutum ba abin mamaki ba ne ka ji bugun babbar jijiyar jini da ta sauko daga zuciya ta ratsa ciki. Amma wannan ba sama yake ɗaga yatsunta ba, raba su yake yi, na dama ya yi dama, na hagu ya yi hagu, kuma faɗinsa ya kai dunƙulen hannu. Jijiyar ta kumbura ke nan kamar tayar keke da ta yi ƙulu. Irin wannan in ta fashe, mutum ba ya kai bakin ƙofa.

Ta sassauta hannu.

"Baba, bayanka yana ciwo?"

Tsohon ya saci kallon Farfesa, don wannan tambayar ba ta cikin abin da aka koya masa. "To, tun jiya dai yana ɗan cizo. Ai gadon nan nasu ne kamar dutse."

"Ba a cikin wasa nake tambaya ba. Da gaske yana ciwo?"

"Yana yi."

Ta juya. "Ranka ya daɗe, abin da katin ke nema matsarmama ce. Amma mutumin nan yana da kumburin babbar jijiya, na gaske, kuma bayansa na ciwo. A kai shi a yi masa hoton ciki yanzu."

Farfesa ya yi rubutu kaɗan, ya ce, "Na ji amsarki ta farko. Ki tsaya a kanta."

"Ranka ya daɗe, ka taɓa ka ji."

"Mai jarrabawa ba ya taɓa majinyaci. Siriri ne, bugun jini kike ji. Tun safe 'yan'uwanki ke wucewa, ba wanda ya ga abin da kika gani."

"Ba wanda ya duba wurin ne. Katin ya ce dama, kowa dama yake zuwa."

Sai ƙararrawa ta kaɗa.

Wallahi ƙafarta har ta juya da kanta, horon Abba bai tafi a banza ba. Ta kai hannu ga ƙofa, ƙofar ta buɗe, ga na bayanta yana shigowa, wani ƙato mai hannu kamar faranti, yana haki don sauri. Ta dubi hannun nan, ta dubi cikin tsohon da ke buɗe. Bayan wannan akwai wani, bayan wani akwai wani, har la'asar, kowa a ruɗe, kowa yana danna ciki da ƙarfin tsoro. Sai ta koma ta tsaya tsakanin ƙaton da gadon, ta ja rigar tsohon ta rufe shi.

"Ba mai sake danna cikin nan."

Sai a lokacin Farfesa ya cire gilashi ya dube ta. "Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani."

"Fita."

"In ka taɓa, zan fita."

Gadon nan fa, da ya miƙa hannu daga inda yake zaune zai taɓa shi. Bai miƙa ba. Mutum ya shekara talatin yana koyar da duba ciki, amma ya gwammace ya kira masu gadi da ya tashi daga kujera don wata mai lamba a ƙirji ta ce ya tashi. Baranda ta cushe, na baya sun rasa ɗakin shiga, aka tsayar da ƙararrawa, mai sa ido ta shigo da gudu tana tambayar wa ya suma. Tsohon kansa ya tashi zaune yana cewa, "'Yata, ki rufa min asiri, lafiyata lau." Ita ko gezau. Sai da masu gadi biyu suka zo suka tsaya a kanta sannan ta fita da ƙafarta, tana faɗa da ƙarfi yadda duk barandar za ta ji: "A yi masa hoto! Na faɗa muku a gaban shaidu!"

Aka ajiye ta a wani ɗaki mai tarin karyayyun kujeru. Daga nan tana jin ƙararrawa ta ci gaba da kaɗawa, kuma kowane kaɗawa ta san wani hannun ne ya sauka a cikin tsohon. Tsoro ya kama ta sosai, ba na tsohon kaɗai ba. Ta tuna Abba kwance a benci yana nishin ƙarya don ita, sai hawaye suka zo. Ta share su da hannun riga tun kafin wani ya shigo ya gani.

Bayan an tashi aka kira ta gaban kwamiti. Dogon tebur ne, Farfesa a gefe, wasu likitoci biyu, sai Shugaba a tsakiya, dattijo mai taushin murya, irin waɗanda ke yanka ka suna yi maka sannu.

"Zauna 'yata," in ji Shugaba. "Na duba makinki na sauran ɗakunan. Ba zan ɓoye miki ba, da kin fita lokacin da aka kaɗa, da yanzu barka muke yi miki."

Maganar ta soke ta har ƙashi, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Dokarmu a fili take. Wanda ya hana jarrabawa tafiya ya faɗi, kuma ke wannan ne zamanki na ƙarshe. Sai dai ni ma uba ne. Akwai wata ƙofa. In ɗalibi ya ruɗe saboda firgici, muna iya ɗaukar abin a matsayin rashin lafiya, mu soke zaman, ya dawo baɗi. Abin da muke so kawai ki faɗa da bakinki cewa ruɗewa kika yi, babu abin da kika ji, ki ba Farfesa haƙuri. Shi ke nan, a bar kaza cikin gashinta."

"Ranka ya daɗe, an yi masa hoton?"

"Ba shi ya tara mu ba."

"Wani ya taɓa cikin nasa?"

Farfesa ya ce, "Ana duba lafiyar mutanen nan kafin a ɗauke su. Ya gama aikinsa, ya tafi da ƙafarsa yana dariya."

"To in na ce ruɗewa na yi, wa zai bi shi?"

Farfesa ya kau da kai. Ai amsar a fili take. In ta ce ba ta ji komai ba, to babu komai ke nan, magana ta mutu, tsoho ya koma gida da abinsa, jarrabawa mai zuwa a sake shimfiɗa shi.

Shugaba ya yi murmushi. "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, 'yata. Ki yi tunanin iyayenki."

Ta yi tunaninsu kuwa. Ta ga fuskar Abba, ta ji muryar Gwaggo, ta ga shekarun da ta yi cikin sanyi tana haddace sunayen jijiyoyi da harshen da ba nata ba. Kalma biyu ce kawai, na ruɗe, kuma ba wanda zai zarge ta. Har ta buɗe baki. Sai yatsunta da ke kan cinyarta suka tuna mata yadda aka raba su.

"Haƙurin tsayar da jarrabawa zan bayar, don na ɓata wa 'yan'uwana lokaci, kuma ban ji daɗi ba. Amma ban ruɗe ba. Na ji abin da na ji."

"Ki yi a hankali."

"A hankali nake, ranka ya daɗe, ai shi ne laifina tun farko. Ku huɗu ne a nan, duk likitoci, duk da lasisi. A aika a kira shi, ɗayanku ya ɗora hannu. In babu komai, ni da kaina zan cire rigar nan in ajiye muku a tebur, ba sai kun kore ni ba."

"Ba ke za ki tsara mana aiki ba," in ji Farfesa. "Kun je can an ba ku takarda, kun dawo kuna ganin kun fi kowa."

"Ban fi kowa ba. Amma abin da za ku ba ni lasisi in yi ke nan: in taɓa, in ji, in faɗa. Yau na taɓa, na ji, na faɗa, kun ce sai na ce ƙarya na yi kafin ku ba ni. In na saya da wannan, ranar da na ji wani abu a cikin wani, wa zai yarda da ni? Ni kaina ba zan yarda da hannuna ba."

Shugaba ya rufe biro. Murmushin ya tafi. "Wannan ce maganarki ta ƙarshe?"

"Ita ce."

"To kin faɗi. Kina da damar ɗaukaka ƙara, amma ban taɓa ganin wanda ya yi nasara ba."

"Za ka gan ni dai, ko ban yi nasara ba."

Ta cire lambar daga ƙirjinta ta ajiye, ta fita da rigarta a jikinta. Sai da ta sauka daga bene sannan ta dafa bango ta tsaya. Baƙin ciki ya taso mata. Amma ba ta da lokacinsa. Ta tambayi mai shara ta ina masu ciwon ƙarya ke fita, aka nuna mata ƙofar baya.

Ta same shi a tashar mota, zaune a kan dakalin siminti, hannu ɗaya a bayansa yana murzawa, ɗayan riƙe da taba. Yana ganinta ya ɓata rai.

"Ke kuma? Kin kusa raba ni da aikina. Sun ce wai ni na ba ki fuska."

"Baba, tashi mu je asibiti. Ga shi can tsallaken titi."

"Ba inda za ni. Jikokina na jirana. Ni da na fi shekara biyar ina kwanta musu, manyan likitoci na kallona, sai ke ce za ki ga ciwo?"

"Kallonka suke, ba duba ka suke ba."

Motarsa ta iso, ya miƙe, ta sha gabansa. Ya yi dama ta yi dama. Kwandasta na buga jikin mota yana kira, mutane sun fara juyowa.

"Yarinyar nan, ba ki da kunya ne?"

"Na bar ta a sama wajen kwamiti. Baba, ka saurare ni. Yau na zubar da karatun shekara da shekaru a kan cikin nan naka. Sun ce in ce ƙarya na yi su bar ni in sake, na ƙi. Yanzu ina da rabo a cikin nan, ba za ka tafi min da shi gida ba."

Tsohon ya tsaya da baki buɗe. "Korar ki suka yi?"

"Sun kore ni."

"Saboda ni?"

"Saboda taurin kaina. Kai dai mu je."

Motar ta tashi ta bar su. Ya jefar da tabar ya take. "Innalillahi. Wanda duk ya haife ki ya haifi rigima." Ya miƙa mata hannu, ta riƙe shi suka tsallaka a hankali. A tsakiyar titi ya ce mata, murya ƙasa-ƙasa, ciwon bayan ya fi na safe.

Sashen gaggawa cike yake, kowa da abin da ya dame shi. Ba ta bi layi ba. Ta zaunar da shi, ta nufi wani matashin likita da ke rubutu a tsaye, idonsa ja don gajiya, ta faɗa masa abin da ta ji da inda ta ji shi, a taƙaice, yadda ake faɗa wa abokin aiki. Ya dubi farar rigarta.

"Daga wane asibiti, likita?"

"Ba ni da asibiti, ba ni da lasisi, kuma ba lallai in samu ba. Ka ji abin da na ce ko ba ka ji ba? Zo ka sa hannunka."

Ya so ya yi magana, ya fasa. Wataƙila gajiya ce ta hana shi girman kai. Ya zo, aka kwantar da tsohon, ya ɗora hannu biyu a saman cibiya. Tana kallon yatsunsa, ta ga sun rabu. Ya ɗago ya dube ta, fuskarsa ta canza. Ya juya ya ƙwala wa nas kira, a kawo na'urar hoto, a kira na tiyata, a nemo jini, kada wanda ya sake taɓa cikin nan.

Daga nan komai ya koma gudu. Aka sa masa ruwa a hannu biyu, aka ɗora shi a gadon turawa. Tana biye tana riƙe da gefen gadon, tana faɗa wa matashin cewa yana shan taba, ciwon ya fara tun jiya, an yini ana danna shi. Tsohon ya kama hannunta, duk wasan ya bar idonsa.

"'Yata, wannan karon ban iya abin da zan ce ba. Ba a koya min ba."

"Ba sai ka ce komai ba, Baba. Ka kwanta kawai."

Suka iso wata ƙofa mai ganye biyu. Gadon ya shige, matashin ya shige, ita ma ta sa kai, sai wata nas ta tare ta da hannu.

"Daga nan sai ma'aikata."

Ta san abin da ke bayan ƙofar nan. Ta san yadda ake wanke hannu har gwiwa, ta san inda za a fara yanka, ta san abin da za a ɗaure kafin a buɗe. Ta tsaya tana kallon ganyen ƙofar suna kaɗawa har suka tsaya. Nas ɗin ta miƙo mata takalman tsohon da hularsa, ta nuna mata bencin 'yan jira.

Ta zauna, takalman a cinyarta. Kusa da ita wata mata ce mai goyo, da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali, da alama ta daɗe a wurin. Matar ta matsa ta ba ta wuri, ta dubi takalman.

"Sannu. Allah ya ba shi lafiya. Mahaifinki ne?"

"A'a."

"Kawunki?"

"Yau na fara ganinsa."

Matar ta yi mamaki. "To me ya haɗa ku?"

Ta gyara zaman takalman, ta ɗora hular a kai.

"Majinyacina ne."